Jiragen roba na haɗawa: na leda na da, ko na kwali na yanzu?

Kawu_Tudunwada:
Assalamu alaikum jama'a. Maganata da waɗanda suka yi ƙuruciya a shekarun 1970 zuwa farkon 1980 ce, musamman wanda ya taɓa haɗa ƙananan jiragen saman roba irin na Airfix da Matchbox. Na ga irin waɗanda ake yi yanzu, jirgi ɗaya guntaye sama da ɗari biyu, har da 'yan ƙarafa masu kaurin takarda da sai da hantsaki ake ɗauka. Aikin ya yi kyau, ban musa ba. Amma a wurina na da sun fi. Spitfire ɗin da ake sayarwa a leda guntayensa ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Yaro ɗan shekara goma zai zauna bayan la'asar, kafin isha'i ga jirgi a hannunsa, da fukafukai da farfela mai juyawa. Wannan ganin sakamako a yini guda shi ya riƙe mu. Na yanzu na manya ne masu kuɗi da haƙuri, yaro zai gaji tun bai gama kujerar matuƙi ba. Wa ya yarda da ni, wa ya ƙi? Kuma wane jirgi kuka fara haɗawa?

Bazazzage68:
Wa alaikumus salam Kawu. Allah ya saka da alheri da wannan tuni. Nawa na farko Hurricane ne, baffana da ke aikin reluwe ya sayo mini a Kingsway ta Kaduna. Har gobe in na ji warin gam mai kama da wancan na cikin ɗan bututu sai gabana ya faɗi don daɗi. Gam ɗin nan yana jan zare in ka ɗaga bakinsa, kuma kusan kowane jirgi na yaran layinmu akwai shatin yatsa a gilashin matuƙi. Muna ɗaure su da zaren ɗinki mu rataye a silin, ɗaya yana bin ɗaya kamar ana artabu. Ina bayanka ɗari bisa ɗari.

Maman_Ilham:
Kada a manta da mu mata. Yayyena maza ne ke haɗawa, amma manna tambari aikina ne, don sun ce hannuna ya fi nasu natsuwa. A yanka sitikar da almakashi, a tsoma a ruwan ɗumi cikin faranti, a jira ta saki takardarta, sannan a zame ta a hankali kan fiffike, a danna da auduga. In ka yi gaggawa ta naɗe, shi ke nan. Mu Matchbox muka fi so, saboda robarsu kala biyu ko uku take zuwa, ko ba ka da fenti jirgi zai fito da kyan gani. Bayan kwalin ma akwai 'yar taga da ake leƙa kayan ciki kafin a saya. Babanmu bai yarda da fenti a ɗaki ba, don haka wannan dabarar tasu ta yi mana rana.

Abba_JF17:
Kawu, da girmamawa, ban yarda ba. Shekaruna ba su kai talatin ba, a intanet na koyi abin. Na sayi wani tsohon jirgi na zamanin 1960 da wani kamfani ya sake bugawa, don in ɗanɗana abin da kuke ba mu labari. Rabin jikin bai haɗu da ɗaya rabin ba, sai da na cike rami na goge da sanfefa. Kusoshin da aka zana a jikinsa manya-manya, ciki kuma ba komai sai kujera. Na yanzu kuwa ka ɗora guntu kan guntu su zauna daram, ka shafa gam mai ruwa da ɗan buroshi ya bi tsagar da kansa. Yaro ai wanda ke haɗuwa ba faɗa ya fi masa sauƙi. Kuma har yanzu ana yin masu guntaye kaɗan don 'yan koyo, da fenti da gam da buroshi duk a kwali ɗaya. Abin da ya kori yara shi ne kuɗin dala da kuɗin kawowa.

Kawu_Tudunwada:
Abba, na ji ka. Amma wannan ramin da ka cike shi ne makarantar. Mu da ba mu da komai sai reza da tsinken sakace, nan muka koyi gwada abu kafin a sa gam.

Dan_Karkara:
Ku yi haƙuri in sa baki. Duk wannan hirar ta 'ya'yan ma'aikata ce da 'yan birni. Mu a ƙauyenmu ba mu taɓa ganin jirgin leda ba, ko labarinsa ba mu ji ba. Amma mun ƙera jirage. Bayan girbi kara ya bushe, sai a zaɓi mai kauri, a ɓare ɓawon a hankali, totuwar ciki ita ce jikin jirgi. Ɓawon kuma a tsaga shi siri-siri, shi ne ƙusa, shi ne haƙarƙarin fiffike. Farfela ɓawon kara ne guda biyu a gicciye, a soke da ƙaya a hanci, in ka ruga da gudu ka fuskanci iska sai ta kama juyawa. Taya kuma tsohon silifas ake yankawa. Ba takardar umarni, ba hoto a kwali. Abin koyinmu jirgin alhazai ne in ya gifta can sama, sai wanda ya taɓa raka wani filin jirgin Kano ya dawo yana gyara mana: a'a, injin a ƙarƙashin fiffike yake. To ku gaya mini, wanda aka ba shi komai a yanke da wanda ya fara daga kara, wa ya fi gwaninta?

Bazazzage68:
Dan_Karkara ka faɗi gaskiya. Mu ma mun yi na kara da na gwangwani, don na leda sai da sallah ko in ka ci jarrabawa.

Injiniya_Sule:
Gwaninta kam mai kara ya fi, ba ja. Sai dai akwai abu ɗaya da na roba ke koyarwa wanda kara ba ya koyarwa, wato ma'auni. Lambar nan 1/72 da ke jikin leda ma'anarta inci ɗaya a hannunka ƙafa shida ne a jirgin gaske. Mutum mai tsawon ƙafa shida zai dawo inci ɗaya cif. Faɗin fukafukan Spitfire mita 11 ne da ɗoriya, a wannan ma'auni sai ya dawo santimita 15 da rabi ko sama kaɗan. Ranar da na ajiye Spitfire kusa da Lancaster mai inji huɗu, duka 1/72, a ranar na fahimci girman jirgin ruwan bama-bamai fiye da duk wani hoto. Jiragen fasinja kuma 1/144 ake yawan yi, domin Boeing 747 tsawonsa ya haura mita 70, in aka yi shi a 1/72 zai kusa mita guda, ba inda za ka ajiye. A 1/144 yana tsayawa wajen santimita 49. Ni dai daga raba lambobin nan a bayan littafin lissafi na fara son aikin da nake ci da shi yau.

Sani_Fagge:
Airfix ai su suka ƙirƙiro abin gaba ɗaya, a 1953 da Spitfire. Kowa daga baya ya kwaikwaya.

Bakano_a_Leeds:
Malam Sani, ɗan gyara kaɗan. Spitfire na 1953 shi ne jirgin Airfix na farko, kuma sule biyu ake sayar da shi a kantunan Woolworths na Ingila. Amma wani kamfanin Ingila mai suna FROG ya riga su, tun 1936 yake fitar da jiragen roba na haɗawa a ma'aunin 1/72. Airfix ɗin ma ba da jirgi ya fara ba. Nicholas Kove, mutumin Hungary, ya kafa shi a 1939, abin haɗawa na farko da suka yi tarakta ce ƙirar Ferguson a 1949, sai jirgin ruwa Golden Hind a 1952. Abin da Airfix ya yi shi ne arha, ya kai abin aljihun ɗan makaranta.
Kamfanin ya durƙushe a 1981, ya yi ta sauya hannu, tun 2006 yana hannun Hornby. Game da gardamar Kawu da Abba, a nan Ingila dukanku kuna da jama'a. Airfix suna fitar da sababbi masu kyau ƙwarai, kuma suna sake buga tsofaffin da zanen kwali na asali na Roy Cross, wanda ya rasu a 2024 yana da shekara 100. Masu sayen tsofaffin yawanci masu furfura ne. Na ga dattijo ya ɗauki kwali a shago ya daɗe yana kallon zanen kawai.

Dr_Kharkov:
Tunda an ambaci FROG bari in ƙara. Da kamfanin ya rufe a 1976, yawancin mazuban da suke zuba robar a ciki Tarayyar Sobiyet aka sayar wa. Waɗanda aka fitar waje da sunan Novo ake sayar da su. Lokacin da nake karatu can a shekarun 1980, a shagunan kayan wasan yara kana samun jiragen Ingila na yaƙin duniya a kwali mai laushi, da arha sosai, wani lokaci ko sunan jirgin ba a rubuta ba. Sai mu kai ɗakin kwanan ɗalibai mu yi ta gardamar wane jirgi ne wannan. Wani abokina ɗan Cekoslobakiya ya kawo mini L-29 Delfin na kamfanin KP na ƙasarsu. Shi ne na farko da na yi wa tambarin kore-fari-kore, don na san sojojin samanmu sun yi amfani da shi. Dogon daren sanyin can da kewar gida, wannan aikin ya taimake ni ƙwarai.

Abba_JF17:
Dr, wannan shi ne burina, in jera duk jiragen sojan saman Najeriya. Na gama JF-17 na kamfanin Trumpeter, ina kan Super Tucano na kamfanin HobbyBoss a 1/48. Na gaba Jaguar, wanda aka yi yaƙin basasa da shi.

TsohonSoja_Kawo:
Ɗana Abba, Jaguar bai ga yaƙin basasa ba. Yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, Jaguar kuwa sai 1984 ya iso, kuma bai daɗe yana tashi ba. In jiragen wancan yaƙi kake nema, MiG-17 ne da L-29 da Ilyushin Il-28. MiG ɗin a wargaje aka kawo su filin jirgin Kano a Agustan 1967, a nan aka haɗa su. A ɗaya ɓangaren kuma akwai ƙananan MFI-9 da Count von Rosen ɗan Sweden ya kawo a 1969. Bayan yaƙi sai MiG-21 daga 1975, sai Alpha Jet a farkon shekarun 1980, wanda har yau yana aiki. JF-17 ɗinka guda uku ne suka zo a 2021, shekarar da Super Tucano 12 suka iso.
Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya a zamaninmu shi ne tambari. Alpha Jet ɗin da za ka samu tambarin Faransa ko Jamus ne a ciki. Sai mu shafa farin da'ira, ya bushe, mu zagaye bakinsa da kore, mu ɗiga kore a tsakiya da kan ashana. Hannu ya yi rawa kaɗan sai a sake.
Kuma ga abin da matasa da yawa ba su sani ba. Air Beetle da aka koyar da matuƙanmu da shi a Kaduna, asalinsa jirgin haɗawa ne na gaske, ƙirar RV-6A ta kamfanin Van's na Amurka. A guntaye aka kawo, kamfanin AIEP ya haɗa wajen 60 a Kaduna. Duk lokacin da wani ya ce mini wannan wasan yara ne, labarin nan nake ba shi.

Abba_JF17:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Yanzu akwai takardar sitika da ake bugawa a firinta, ita nake amfani da ita, sai dai firinta ba ta buga fari, dole a sayi mai farin ƙasa a yanka da'irar da hannu.

Dan_Zangon_Takoradi:
Gaisuwa daga Gana. Baba TsohonSoja ya taɓo inda nake so. Garinmu ma an haɗa jiragen gaske daga akwati. A yaƙin duniya na biyu, da hanyar Bahar Rum ta yi wa Ingila wuya, sai suka riƙa kawo Hurricane da Blenheim a manyan akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi, a haɗa su a nan, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yau, El Geneina, El Fasher, Khartoum, har Alƙahira. Tun Satumban 1940 aka fara, kuma jirage sama da 5,000 suka bi hanyar. Don haka Bazazzage, Hurricane ɗin da baffanka ya saya maka irinsa sun sha mai a Kano. Ni shi kaɗai nake maimaitawa, da matatar ƙura a ƙarƙashin hanci da fentin hamada: ƙasa-ƙasa mai duhu da mai haske a sama, shuɗi a ciki.

Bazazzage68:
Ikon Allah. Ni kore da ƙasa-ƙasa na shafa masa, fentin Humbrol lamba 30 da 29, yadda takardar ta ce. Ashe da na hamada ya fi kusa da gida.

Sani_Fagge:
Kafin wannan ma ai jiragen farko da suka sauka Kano na sojan saman Ingila ne, guda uku ƙirar DH.9A, ranar 1 ga Nuwamba 1925, daga Masar suka taso ƙarƙashin Arthur Coningham. A filin sukuwa suka sauka, lokacin babu filin jirgi. Akwai wanda ya taɓa haɗa irinsu?

Injiniya_Sule:
Masu fiffike biyu sai mai haƙuri, Malam Sani. Wahalar tana wajen tsayar da sandunan da ke tsakanin fiffiken sama da na ƙasa, sannan wayoyin. Dabarar da ita ce ka yanko sandar robar da guntayen ke maƙale a jiki, ka juya ta a saman kyandir har ta yi laushi, ka janye daga wuta ka ja hannu biyu, sai ta miƙe siririya. Da ita ake yin wayoyi da eriya. Wasu kuma zaren kamun kifi mafi siranta suke sa wa.

Dan_Damagaram:
Sannunku 'yan'uwa. Mu nan Nijar ba Airfix muka sani ba, Heller na Faransa ne. Wani malaminmu Bafaranshe a lakwal ya zo da su, ya ba waɗanda suka yi na ɗaya zuwa na uku. Ni Mirage na samu. Amma wanda ya tsaya mini a rai Noratlas ne, mai jela biyu, don sojojinmu sun yi aiki da shi kuma mun gan shi da idonmu. Sai da na girma na fara aiki na sa aka sayo mini shi daga Faransa. Game da tambayar Kawu, ni ina tsakiya. Yaro a ba shi mai sauƙi, amma babba da ya dawo wa abin bayan shekaru ba zai ƙoshi da guntu ashirin ba.

Ummu_Sadiq:
Don Allah tambaya gare ni, kada a ga na kauce. Ɗana yana ta roƙon in saya masa, amma na ga a hotuna akwai ɗan mutum-mutumin matuƙi a ciki. Ya kuke yi da shi?

Malam_Tudu:
Hajiya, jirgin kansa ba mai rai ba ne, ban ji wanda ya yi magana a kansa ba. Matuƙin ne wasu ke ƙyama. A gidanmu mahaifinmu cewa ya yi a bar shi a leda, haka muka riƙa yi, kuma jirgi bai rage komai ba. Da yawa daga na yanzu ma ba sa zuwa da matuƙi sam, kujera ce da bel. Hukunci kuwa a tambayi malamin da aka natsu da shi.

Maman_Ilham:
Ummu Sadiq saya masa. Ki dai kula da reza da warin gam, ya yi a tsakar gida ko kusa da taga.

Kawu_Tudunwada:
Ina karanta kowa. Abin da ban ji an taɓo ba shi ne yadda abin ya ɓace mana. Tun tsuke bakin aljihu na 1982 kayan waje suka fara ja baya a kantuna, da SAP ta zo a 1986 naira ta faɗi, sai manyan kantunan nan suka bi ɗaya bayan ɗaya. Ƙannena da aka haifa bayan 1980 ba su san shi ba sam. Abba ya ce kuɗi ne matsalar, a nan na yarda da shi. Amma ina nan kan bakana cewa ko an kawo na yanzu kyauta, wanda ake gamawa a yini ɗaya shi zai kama zuciyar yaro.

Hajiya_Skypower:
Ni ba jirgin yaƙi ya dame ni ba. Mahaifina ya yi aiki da Nigeria Airways har ya yi ritaya, kafin a rufe kamfanin a 2003. Yana da DC-10 na 1/144 da ya yi wa fenti da hannunsa, fari da layin kore, har giwar nan mai fukafukai ya zana a jela da buroshi mai gashi kaɗan. Yana nan a kabad ɗin gilashi, sai dai farin ya koma ruwan ƙwai kuma inji ɗaya ya ɓalle. Da wane gam zan mayar? Sufa gulu ce kawai a unguwarmu.

Abba_JF17:
Hajiya sufa gulu za ta riƙe injin, amma ɗigo ɗaya a bakin tsinke, kuma ki kankare tsohon gam tukuna. Kada ta kusanci gilashin gaba, hayaƙinta yana sa shi ya yi fari. Gilashi farin gam na kafinta ake sa masa, yana bushewa garau. Kada kuma kowa ya ba ki shawarar goge shi da tinar fentin mota, tana narkar da robar. Ni da nawa ne ba zan sake fentin ba, aikin hannun Baba ne.

TsohonSoja_Kawo:
Haka ne. A bar shi yadda mai shi ya bar shi. Ƙura kawai za ki share da buroshin kwalliya mai laushi. Kuma a nisanta shi da taga, ranarmu tana lanƙwasa fiffike, balle a bar shi cikin mota a watan Afrilu.

Dan_Karkara:
Har yanzu ba wanda ya amsa mini sosai sai Injiniya. Ni abin da ke damuna, yaran ƙauyen ma sun daina na karan. Kara yana nan, kyauta, amma kowa na kan waya. In za a farfaɗo da abin a makarantu, da kara ya kamata a fara, a koya musu ma'aunin da Injiniya ya faɗa, su auna da rula su yanka.

Injiniya_Sule:
Wannan zai yiwu. A buga zanen jirgi ta sama da ta gefe a takarda daidai 1/72, yaro ya ɗora kara a kai ya yanka. Kafin zuwan roba ma da katako ake sassaƙa su a kan irin wannan zane. Zan gwada da 'yan ajin ƙanena in turo hoto.

Ummu_Sadiq:
Na gode muku. To wanne zan fara saya masa? Shekararsa tara.

Bakano_a_Leeds:
Mai inji ɗaya a 1/72, cikin kwalin 'yan koyo mai fenti na ruwa. Spitfire ko Hurricane ko Mustang, don tayarsu ta uku a jela take, suna zama da kansu. Masu taya a hanci irin su MiG-17 da Alpha Jet sai an cusa nauyi a hancin kafin a rufe jiki, in ba haka ba su zauna kan jela. Ƙwallayen boris na keke suna yi. Ki sa mai zuwa ya cire kayan daga kwali ya naɗe a tufafi in jaka ta cika, amma ya kula da gilashin da takardar sitika, ita ba ta son danshi.

Bazazzage68:
Kun ga dai an dawo kan Spitfire ɗin Kawu.

Abba_JF17:
Sabon zubi dai, Ummu Sadiq, ki duba kwalin da kyau kafin a biya. Dr_Kharkov, in L-29 ɗin nan yana nan don Allah a turo hotonsa ta sama, ina son ganin inda ka sa tambarin a fiffike.